In sanƙarau ya ɓarke allurar rigakafi kuma ta yi ƙaranci, ga yadda za ki yi da yaranki

Toh 'yan uwa iyaye mata, daga hunturu har zuwa faɗuwar damina lokacin sanƙarau ne, kuma ba ma fatan abin da ya faru a 2017 ya maimaitu. Daga Zamfara ya faro ya bazu Sakkwato, Katsina, Kebbi da jihar Neja, sama da mutum 1,000 suka rasu yawanci yara, saboda nau'in C ne ya zo alhali allurar da aka bi aka yi wa jama'a a baya ta nau'in A ce, ita kuma ta C ɗin ba ta isa ba.

Ki fara ɗauko katin rigakafin yaro ki duba. Wadda ake yi a wata 9 tare da ta ƙyanda da shawara, nau'in A kawai take karewa, dan haka kar ki ce ai an yi masa ki miƙe ƙafa. A 2024 Najeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da Men5CV mai kare nau'i biyar har da C, kuma 'yan shekara 1 zuwa 29 aka yi wa. Ita za ki tambaya.

In allura ta yi kaɗan ba ko'ina ake kaiwa lokaci guda ba, ƙananan hukumomin da cutar ta fi tsanani ake fara ba, to ki je asibitin sha-ka-tafi na unguwarku ki tambayi ma'aikaciyar rigakafi yaushe za a zo, maigida ya tambayi mai unguwa, a kasa kunne a rediyo da sanarwar masallaci. Ranar da aka ce ki yi sammako da yaran gaba ɗaya, har almajirin da ke miki aike dan Allah kar ki bar shi, su ne ke kwana a cunkushe.

Abin da ya fi damuna shi ne saye a kemis. Wallahi kar tsoro ya kai ki, a 2015 da aka yi ƙaranci a Jamhuriyar Nijar sai da jabun allurar sanƙarau ta shiga kasuwa har hukumar lafiya ta duniya ta yi gargaɗi. Ta gwamnati kyauta ce. Ki ga an ciro ta daga akwatin sanyi a gabanki, an ɓare sabon sirinji, sannan a jikin kwalbar akwai ɗan tambari zagaye mai murabba'i a tsakiya, in murabba'in ya yi duhu kamar zagayen to zafi ya lalata ta, ki yi magana ba laifi ba ne.

Kafin layi ya zo kanku a buɗe taga, a rage yawan masu kwana ɗaki ɗaya, kowa da kofinsa. Ko an yi allurar ma sai ta ɗau kusan sati 2 kafin ta kama jiki.

In yaro ya tashi da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, wuya ya sanƙare, haske na damun idonsa, ko amai da jijjiga, jariri kuma maɗigarsa ta kumbura ya ƙi nono, ba maganar rigakafi kuma, asibiti za ki nufa a lokacin ko tsakar dare ne, akwai allurar Ceftriaxone da ake yi musu kuma awanni kaɗan ma suna da muhimmanci. Lambar kyauta ta NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, 6232 ce, ki sa a wayarki yau.