Yadda ake kitson Faransa guda biyu

Kitson Faransa tufka ce mai sili uku, ana yi ana ƙara mata gashi daga hagu da dama har a sauka ƙeya. Abin da ya raba shi da sauran kitso shi ne hanyar da sili ke bi: silin gefe ta saman na tsakiya yake haurawa, shi ya sa kitson ke kwanciya luf kamar an saƙa shi a cikin gashin. In silin ya bi ta ƙarƙashi, kitson zai taso ya yi tudu, wannan shi ne kitson Holan. Hannun da ya saba da mai tudu yakan zame ya koma can mai shi ba ta ankara ba, sai ki sa ido tun daga farko.

Guda ɗaya ba shi da wuya. Aikin yana wajen sa na biyu ya fito tamkar na farko.

Ki tanadi mataji mai manyan haƙora, da kibiya ko mataji mai tsinin wutsiya don tsaga, da ƙananan robobi biyu marasa ƙarfe, da abin maƙale gashi, da ɗan man gashi, da madubi biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Gashin da ya kai kafaɗa ya fi sauƙin kamawa. Wanda ya tsaya a haɓa ma zai yi, sai dai jelar za ta zama guntuwa.

Gashi mai santsi, in yau aka wanke shi, sulɓewa yake yi daga yatsu, gara wanda ya kwana ɗaya da wanki. Mai nannaɗewa ko mai tauri kuwa, a fesa masa ruwa kaɗan, a shafa mai, a taje shi daga baki zuwa tushe har mataji ya wuce bai sarƙe ba. Laima ake so, ba jiƙewa sharkaf ba. Jiƙaƙƙen gashi yana miƙewa fiye da ƙima idan aka ja shi, nan yake tsinkewa.

Sai tsaga. Ki ɗora tsinin kibiya a tsakiyar goshi, daidai saitin karan hanci, ki ja layi ɗaya har ƙeya. Ki ɗora yatsan ɗaya hannun a tsakiyar ƙeya ya zama maki alama, kibiyar ta nufe shi. Ki duba a madubin baya kafin ki ci gaba, domin tsagar da ta karkace ko da kaɗan ne za ta sa kitso ɗaya ya fi ɗan'uwansa kauri, kuma babu gyara sai tsifa. Ki tattara ɓangare ɗaya ki maƙale shi can gefe don kada ya shigo maki aiki.

A ɓangaren da kika sake, ki ɗebi gashi a bakin goshi kusa da tsaga, faɗin santimita 4 zuwa 5, ki raba shi uku daidai wa daida. Ki haura da silin da ke kusa da tsaga ta saman na tsakiya, sannan na wajen kunne shi ma ta saman wanda ya zama na tsakiya yanzu. Wannan zagaye ɗaya ke nan, ba a ƙara komai a cikinsa. Shi ne gindin kitson.

Daga nan ƙari ya fara. Ki riƙe duka silin uku a hannu ɗaya, kowanne a tsakanin yatsunsa. Da ɗan'alin ɗaya hannun ki yanko gashi daga bakin tsaga, faɗin santimita 1 zuwa 2, ki haɗa shi da silin wannan gefen, ki shafe su da yatsu su zama abu guda, ki haura da su saman na tsakiya. Ki sauya hannu, ki yanko daga bakin gashi ta wajen fuska, ki haɗa, ki haura. Haka za ki yi ta yi. Yankan ya riƙa tafiya a miƙe daga baki har jikin kitson, kada ki tsinci gashi daga sama kawai ki bar na ƙasa, shi ne ke tasowa daga baya ya yi ƙullutu.

Abu biyu ne ke riƙe kyan kitson a nan. Na farko, gaɓoɓin yatsunki su riƙa gogar fatar kai. Da zarar hannu ya ɗaga sama, kitson ya saki. Na biyu, bayan kowace haurawa ki zura yatsu ki warware silin har baki, in ba haka ba ƙasan gashin zai riƙa tufke kansa, kafin ki farga ya cukurkuɗe. Ki kuma riƙa ƙirga ƙarin da kike yi.

Ƙeya ce ke ba mutane kunya. Yawanci akan sunkuyar da kai don hannu ya kai, fatar wuya ta miƙe, ana ɗagowa sai gashin wurin ya yi lako-lako kamar jaka. Idan kin wuce bayan kunne, ki miƙe wuya, ki ɗan ɗaga haɓa, ki kwashe ragowar gashin a ƙari biyu na ƙarshe, hannunki manne da wuya. Ki yi tufka zalla sau uku a nan baya kafin ki jawo jelar ta kan kafaɗa. Da ta dawo gaba za ki ga kamar hannun ya juya, to ki dubi zanen tufkar ki bi shi. Ki bar santimita 3 zuwa 5 a baki, ki ɗaure da roba.

Kitso na biyu kuma madubin na farko ne. Ki ɗebi gashi daidai wanda kika ɗiba ɗazu, ki fara da silin da ke kusa da tsaga kamar yadda kika yi. In ƙari 8 ne ya kai ki ƙeya a can, nan ma 8. Tazarar da ke tsakanin kitson da tsaga ki auna ta da yatsu, biyu ko uku, a goshi da saitin kunne da ƙeya. Ɓangaren da ba na hannunki mai ƙarfi ba ya fi saki, saboda haka wasu ke fara kitsa shi tun hannu bai gaji ba, kuma dabara ce mai kyau.

Kamawa daban, ɗaurewa daban. In kin ji fatar goshi na ja, ko gira ta ɗaga, ko ƙananan ƙuraje sun feso a bakin gashi, kitson ya yi tsauri, ki kwance. Yawan jan nan ne ke cinye gashin goshi, kuma idan aka daɗe ana yi, wani ba ya sake tsirowa. Mai son kitson ya yi faɗi sai ta riƙe bakin jela ta riƙa ɗan jan gefen kowace gaɓa, daga ƙasa zuwa sama.

Da dare a ɗaura ɗankwali mai santsi. A gashi mai sulɓi kitson kan yi kwana biyu zuwa uku, a mai tauri yakan kai mako. Wajen tsifa a cire robar a hankali, a shafa ɗan mai a yatsu, a warware daga baki gaɓa bayan gaɓa, mataji sai an gama.