Yadda Ake Zaɓen Malamin Fiyano

Kafin ka ɗauki malamin fiyano, ka nemi ya yi maka darasin gwaji guda ɗaya, domin ba kowane gwanin kiɗa ne ya iya koyarwa ba. A wannan zaman, ka lura ko yana duba zamanka a kan kujera da yadda kake lanƙwasa yatsu bisa madannai, saboda kuskuren da hannu ya saba da shi yana da wuyar gyara daga baya. Wasu malamai kan fara da karatun alamomin kiɗa, wasu kuma da sauraro da kwaikwayo, don haka ka tambaye shi tsarinsa tun farko. Ga sabon ɗalibi, darasin minti 30 a mako ya wadatar, muddin zai riƙa maimaitawa a gida kullum.