Form ko from? Kalmomin Turanci masu kama da juna da yadda za a raba su

Wanda ya ce bagaruwa da wanda ya ce gabaruwa itace ɗaya suke nufi. Haka hawainiya da wahainiya, ko gauraya da garwaya. Hausa tana yi wa mai magana afuwa idan baƙaƙe sun sauya wuri a irin waɗannan kalmomi. Turanci ba ya yin wannan afuwar. Yana da tarin kalmomi masu tsawo ɗaya da haruffa iri ɗaya, waɗanda da zarar harafi biyu sun yi musanya sai ma'ana ta koma wani abu dabam.

Abin da ya sa kuskuren yake da wuyar kamawa shi ne duka kalmomin biyu suna cikin ƙamus. Idan ka rubuta "I am form Katsina", waya ko kwamfuta ba lallai ta ja maka jan layi ba, domin form kalma ce sahihiya, takardar cikewa. From kake nufi. Mai duba takardar WAEC ko NECO kuwa zai gani, haka ma wanda ka aika wa takardar neman aiki.

Dabarar da ta fi aiki ita ce neman dangin kalmar. Ɗauki marital da martial. A fom ana tambayar marital status, wato ko kana da aure, amma sau da yawa sai a rubuta martial, wadda ta shafi yaƙi da soja, kamar martial law, dokar soja. Marital tana farawa kamar marriage, martial kuwa ta samo asali daga Mars, gunkin yaƙi na Rumawa. Haka causal 'yar uwar cause ce, sanadi, ita kuwa casual ita ce ta aikin wucin gadi ko shigar da ba ta ofis ba. Scared daga scare take, jin tsoro; sacred abu ne mai tsarki, kuma bai dace a rubuta cewa littafi mai tsarki ya tsorata ba. Trial da tried duk 'ya'yan try ne, gwaji ko shari'a a kotu, sai trail, sawu ko 'yar hanya, da tired, gajiya. Wanda ya rubuta "I am tried" gajiyarsa yake son faɗa, sai ya ɓige da cewa an gwada shi. Expect da except ma haruffansu shida iri ɗaya ne. Ka tsawaita su: expectation, tsammani, exception, togaciya.

Wasu kuma kunne ne ke raba su, idan an furta su daidai. Quite gaɓa ɗaya ce, quiet gaɓa biyu, kuma ta shiru tana ƙarewa da t kamar silent. Diary, littafin rubuta al'amuran yau da kullum, ana kiranta dayari. Dairy ta madara da nono ce, ana cewa deri. A angel, mala'ika, harafin g yana gaban e, shi ya sa yake fita kamar j. Angle kusurwa ce, wadda ɗalibin lissafi ya sani a cikin triangle.

Sai inda kunnen namu ne yake yaudararmu, kuma a ganina nan ne malamai suka fi yin sakaci. Hausa ba ta bambanta p da f. Sautinmu na f da leɓɓa biyu ake yin sa, a wasu wurare kamar Sakkwato ma yakan koma h ko hw. Don haka pull da full, pool da fool, past da fast, pile da file duk sukan zo wa Bahaushe da sauti guda, hannu kuma ya rubuta abin da kunne ya ji. Haka b da v: ban da van, best da vest, da kuma bowel da vowel, inda wasali kan koma hanji. Gyaran a baki yake farawa. Wajen f da v haƙoran sama suna taɓa leɓen ƙasa. Wajen p da b leɓɓa suna haɗuwa su rufe ruf. Ka tsaya gaban madubi ka furta su bibbiyu har bakin ya saba. Wasula ma haka: muna rubuta biyar, Turanci kuwa yana da sautukan wasali fiye da goma, shi ya sa staff da stuff, ko lack, luck da lock suke cakuɗewa.

Advice da advise, da practice da practise, nahawu ne ke raba su. A rubutun Ingila, wanda makarantunmu ke bi, mai c kalmar suna ce, mai s aikatau. Amurkawa suna rubuta practice a duka biyun, to ka duba wane Turanci aka saita a wayarka. Effect galibi kalmar suna ce, affect aikatau.

Wasan kalmomi yana horar da ido a kan matsayin harafi. Wordle, wanda Josh Wardle ya ƙirƙira kuma jaridar New York Times ta saya a 2022, yana ba ka damar gwaji shida ka gano kalma mai haruffa biyar. Kore na nufin harafin yana wurinsa, rawaya na nufin yana cikin kalmar amma ka sa shi inda ba nasa ba, wato dai matsalar trail da trial. Scrabble ma haka, kuma ba baƙon wasa ba ne a Najeriya: Wellington Jighere ya ci gasar duniya a birnin Perth na Ostireliya a 2015, ɗan Afirka na farko da ya yi hakan.

Kafin ka aika rubutu mai muhimmanci, karanta shi daga jimlar ƙarshe zuwa ta farko. Idan ka bi shi a jere, ido yakan ga abin da zuciya ta yi niyyar rubutawa ya wuce. A kwamfuta kuma ka danna Ctrl da F, ka nemi form, quite da tried ɗaya bayan ɗaya, ka tabbatar kowace tana inda ya kamata.