Kurakuran da Muke Tafkawa Idan Mun Ɗauko Masu Tsara Cikin Gida

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne kiran mai tsara gida bayan an gama filasta, mai wayarin ya riga ya binne wayoyinsa. Na gani da idona a gidan ƙanwata a unguwar Barnawa da ke Kaduna. An gama fenti tas, sai aka tarar kan gado ya rufe makunnin fitila, soket ɗin talabijin kuma yana bangon da rana ke duka. Haka aka koma fasa bango, aiki ɗaya kuɗi biyu. Ku kira su tun gini yana linta, su zauna da magini da mai famfo a daidaita komai.

Sai kuma masu zuwa da hoton gidan Dubai ko Turkiyya daga Instagram, su ce irinsa suke so sak. Kaduna fa muke. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ba ta barin farar kujera mai gashi-gashi, labule mai ninki uku kuwa rumbun ƙura ne. Maris da Afrilu, babban gilashin da ke kallon yamma yana mai da falo tanda. Da damina katakon MDF, wato wanda ake yi da matsattsen garin katako, na kumbura da zarar ya sha danshi. Nuna hoton, amma ku bar ƙwararre ya zaɓi yadin da ake cirewa a wanke da katakon da zai jure.

Abin da ya fi damuna shi ne kunya. Mai tsarawa ya tambaya, "Hajiya, a ina kuke cin abinci?" Sai a ce a tebur, alhali kullum ledar cin abinci ake shimfiɗawa a kan kafet, yara su kewaye tire. Wata uku, teburin mai kujera shida ya zama ma'ajiyar jakunkunan makaranta, falo ya ƙuntace a banza. Don Allah ku faɗi gaskiyar zamanku. Baƙin maigida suna yawa? To a ba falonsa ƙofa daban, kada su ratsa ta cikin iyali. A ware wurin salla da ba a gittawa ta gaban mai yi. A sa tayil marar santsi inda ake alwala, musamman idan akwai tsohuwa a gidan. A kicin kuwa, ku ambaci turmi da taɓarya, buhun shinkafa, jarkar manja da babbar tukunyar suna, domin kabet ɗin da aka zana ba da saninsu ba, ba zai ɗauke su ba. Batirin sola ma yana son wuri mai iska, ba lungun ɗakin kwana ba.

Ɓoye ainihin kuɗin da ke hannu shi ke sa a tsaya rabi da rabi, silin POP ya yi kyau, ɗakuna babu labule. Faɗi iyakarku, a rubuta yarjejeniya: me za a yi, nawa, yaushe, wa zai sayo kaya.

Iyayen amarya kuma, kafin ku ba kafintan kasuwar Panteka aikin gado da kujerun jere, a je da tef a auna ɗakin, har da faɗin ƙofa da kwanar matakala idan bene ne.