Bayan an ɗebi ɗan naman ƙodar dashe don gwaji

'Yan uwa da aka yi wa dashen ƙoda, idan likita ya sa allura ya ɗebi ɗan namanta, fitsari ya ɗan yi ja na kwana 1 ko 2 ba abin tsoro ba ne. Amma don Allah ku sa ido: gudajin jini a fitsari, ko fitsarin ya tsaya cak, ko mara ta kumbura tana ciwo, ga jiri. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, sai dai jini kan taru ya matse ƙodar, wani lokaci bayan kwanaki. Kada ku jira wayewar gari, ku koma asibiti. Maganin tsinka jini kuwa, idan an dakatar muku da shi saboda gwajin, sai likita ya ce ku ci gaba.