Injin haɗe-haɗe yana mis: kurakuran da aka fi tafkawa a Golf 3

Golf 3 dai tun 1997 Volkswagen suka daina ƙera ta, wagon ɗin ce ma ta ja zuwa 1999, amma har gobe ita ke ɗibar fasinja a tashoshinmu, kuma in ka buɗe bonet ɗin da yawansu za ka tarar injin ba ɗan gida ɗaya ba ne. Bulok na 2.0 da aka saro a Ƙofar Ruwa ko Panteka, top silinda na tsohon injin motar, dilko mai raba wa fulogi wuta na wata da ta yi hatsari, biren bos kuwa, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, wanda ta zo da shi tun daga Beljiyam. Ba laifi ba ne, injinan 'yan uwan juna ne shi ya sa noti ke shiga. Sai dai abu ya ɗauru daban, ya dace daban. A gama haɗi a tayar, mota ta kama mis, wato wata silinda ba ta kama wuta daidai, silo (gudun inji ba a taka totur ba) na rawa, tana harbi ta salansa, daga nan sai a shiga lalube a duhu, mai mota na ta zaro kuɗi.

Kuskuren farko tun kafin a ɗauki sifana ake yinsa, wato ba a san me ke gaban mutum ba. "Ai injin Golf ne" ba amsa ba ce. Kowane inji da harufan da ke nuna irinsa: AAM, ABS da ADZ duk 1.8 ne masu nozul ɗin fesa mai ɗaya tal a sama, wanda wasu ke ɗauka kafireta ce. 2E, ADY da AGG kuma 2.0 ne masu nozul huɗu, sai ABA na motocin Amurka. Kar ka yarda da sitikar da ke kan murfin tamin bel, murfi roba ce ana ɗauko ta ko'ina. Goge bulok ɗin da fetur ka karanta harufan da aka buga a jikin ƙarfe. Bulok na 2.0 ya fi na 1.8 tsayi da kusan milimita 16, don haka bel ɗinsa haƙora 124 ne, na 1.8 kuwa 121. Bel bulok yake bi, ba sunan da ke takardun mota ba.

Toh sai dilko, kuma wallahi nan ne aka fi wahalar da mutane a banza. Daga waje duk kamarsu ɗaya. Cire hular, zare rota da 'yar robar da ke ƙarƙashinta, za ka ga wani kofin ƙarfe mai tagogi yana ratsa sansa. Ƙirga su. Na 1.8 da na 2E taga huɗu ne, domin ta nan biren bos ke sanin gudun inji da lokacin ba da wuta. Na ADY, AGG da ABA taga ɗaya ce, su suna da wata sansa daban a jikin bulok mai karanta kiran shaf, wato babban shaf ɗin da fistin ke juyawa, dilkon kawai yana faɗa musu ne ga silinda lamba ɗaya ta zo. In ka ba biren bos mai jiran huɗu dilko mai ɗaya, motar ba za ta tashi ba sam ko ta riƙa tari tana mutuwa, in kuma ka yi akasin haka tana iya tashi amma ba ƙarfi. Ko ka sa fulogi sabo dal sau goma ba abin da zai canza. Tagogi biren bos suke bi, gindin dilkon da giyarsa kuma bulok suke bi, shi ya sa mai bulok ɗin 2.0 da waya da biren bos na 1.8 dilkon 2E yake nema. Haka kuma ba ka ɗora biren bos na AGG a kan bulok ɗin 2E, don bulok ɗin ba shi da wilin haƙoran da sansar kiran shaf za ta karanta.

Na gaba shi ne yarda da maki ido rufe. Makin da ake leƙawa ta ramin saman giyabos a jikin filawil yake, to filawil ɗin na wane inji ne? Ga shi kuma maki biyu ne kusa da juna, sifiri na fistin a ƙololuwa, ɗayan na saita wuta, yara da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin wancan. Ka bar maki tukuna ka tambayi fistin ɗin da kansa. Cire fulogin lamba ɗaya, wato na ɓangaren bel, toshe ramin da babban yatsa, yaro ya juya inji da sifana a hankali har ka ji iska na ture yatsanka, sannan ka zura doguwar sukundireba mai tsabta ka bi ta har ta daina hawa. Nan ne ainihin wurin. Yanzu duba kamshaf, shaf ɗin da ke buɗe bawul, ko makinsa ya zauna, sannan rota ta kalli ɗan tsagin da ke bakin dilko. Yatsan nan ba wasa ba ne, kiran shaf sau biyu yake juyawa kafin kamshaf ya yi ɗaya, fistin yana hawa sama lokacin matsi yana kuma hawa lokacin fitar da hayaƙi, in ka dasa dilko a na biyun to wuta ta juya baya kenan, sai harbi kawai. Kuma ka lura da fulen tsakiya mai juya dilko, da an cire bel sai ya sulale ba ka sani ba. Bayan ka ɗaure bel juya inji zagaye biyu da hannu ka sake duba komai kafin ka taɓa makulli. In kuma yau ka saita gobe ya goce, kwance fulen kiran shaf ka duba kiy ɗinsa, in babban notin ya taɓa saki yana cinyewa.

Akwai wata ɗabi'a da ni dai ba na so, bel ya tsallake haƙori ɗaya maimakon a koma a gyara sai a kama dilko a yi ta murɗawa da kunne har silo ya yi daɗi, a ce oga an gama. Silo zai yi daɗi mana, amma bawul suna nan a makare, a hau titi da lodi a taka totur mota ta ƙi ja, ko ka ji inji na ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, zafi ya hau. Wuta da fitilar tamin ake saita ta, digiri 6 kafin ƙololuwa a masu taga huɗu, kuma sai an hana biren bos gyara ta da kansa lokacin, wasu da na'urar sikanin, wasu 2E ɗin ta zare soket ɗin sansar zafin ruwa. A masu taga ɗaya kuwa murɗa dilko ba ya matsar da wuta ko kaɗan, rikita biren bos kawai kake yi.

Wayoyin fulogi 1-3-4-2 ne, a bi yadda agogo ke juyawa. Shikenan.

In duk wannan ya zauna mis bai tafi ba, kar a zubo fulogi da waya da kwayil da nozul a rana ɗaya. Inji na silo, zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya da filaya mai roba ka mayar da sauri, silindar da aka zare sauti bai canza ba ita ce matacciya. Musanya fuloginta da na maƙwabciya, in mis ya bi fulogi ka gano, in bai bi ba sai waya. Idan mis ɗin yawo yake ko sai da damina da bayan wankin inji, duba kwayil, na Golf 3 ya yi suna wajen tsagewa, da dare ma za ka ga wuta na tsalle a jikinsa. Silinda ɗaya ta nace duk da wuta na zuwa, a auna matsi. Biyu na kusa da juna sun faɗi tare gasket ne, duka huɗun sun yi ƙasa koma kan bel. Top silindar da aka sha kaiwa injiniya ana shafe ta ita ma tana jan tamin baya kaɗan, ka tambayi tarihinta.

Mai ma ana mantawa da shi. Famfon tanki na mai nozul ɗaya matsin mai wajen bar 1 (bar ma'aunin matsi ne) ake buƙata daga gare shi, masu nozul huɗu kuwa kusan bar 3 suke so, in aka sauya inji aka bar tsohon famfo mota na iya yin silo lafiya ta riƙa shaƙewa a hawa. Robar da nozul ɗayan ke zaune a kanta kuma tana tsagewa ta ja iska, girgiza shi da hannu inji na aiki za ka ji sauti ya canza. Motar kuma da ke tashi ta mutu bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu a motocin 1995 zuwa sama, wannan ba tamin ba ne, biren bos ɗin da aka sako ne bai san makullin motar ba, a kira rewaya mai na'ura ya haɗa su.