Yadda ake gano ma'anar tsofaffin kalmomin Turanci

Ɗaliban adabin Turanci masu shirin WAEC, da sun ci karo da baƙuwar kalma irin "anon" ko "yclept", sai su buɗe ƙamus, a wuce wurin. Wadda ke kayar da su ita ce kalmar da suke ganin sun riga sun sani.

Fara da duba zamanin da aka yi rubutun. Turancin marubuci Chaucer, wanda ya rasu a 1400, daban yake da na Shakespeare da ya rasu a 1616, balle na jaridar yau.

Daga nan karanta jimlar gaba ɗaya. In ma'anar da ka saba da ita ta sa maganar ta yi banbaraƙwai, tsaya nan, kada ka tursasa ta. A tsohon Turanci "let" tana iya nufin hanawa, kishiyar bari ke nan. "Prevent" a Littafi Mai Tsarki na Sarki James na 1611 tana nufin riga wani isa wuri. "Meat" kowane irin abinci ne, har gurasa. "Nice" ta taɓa nufin wawa, "presently" kuwa nan take. "Wherefore" tambayar dalili ce, wato don me, amma yara na ganin "where" a gabanta sai su ce ina. Amsa guda ta lalace ke nan.

Ƙamus na aljihu da fassarar Google ma'anar yau za su ba ka, ni ban yarda da su a wannan aiki ba. Oxford English Dictionary, wanda aka kammala bugunsa na farko a 1928, yana kawo kowace ma'ana tare da shekarun da aka same ta a rubuce. Gangara ƙasa, nemi wadda aka yi wa alamar "archaic" (ta dā) ko "obsolete" (an daina amfani da ita), ka gwada shekarunta da na littafinka. Na intanet ɗin kuɗi ake biya, to amma ƙamusoshin intanet na Wiktionary da Etymonline kyauta ne, sun ishi ɗalibi.

Sauran ba wuya. "Thou" da "thee" na mutum ɗaya ne, "you" kuwa na jama'a ko na girmamawa, kamar yadda muke ce wa dattijo ku. In ka ga "-eth" ko "-est" a ƙarshen aikatau, cire shi kafin ka duba. Rubuta ma'anar a gefen shafi da fensir, tare da shekararta.